Gadon Ɗan Kasuwar Iyaka: Dukiya A Ƙasa Biyu, Lissafi A Kai Ɗaya

Daga wakilinmu a Maraɗi

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai wasu mutum uku suka ƙi tashi daga kan tabarma. Na farko ɗan canji ne daga Jibiya, ya ce yana bin marigayin naira miliyan 4. Na biyu direban kamiyo ne, ya ce rabin motar da yake ja tasa ce, domin haɗa kuɗi suka yi da Alhaji suka saya. Na uku kuwa wani dattijo ne daga ƙauye, wanda ya ce buhu 60 daga cikin waken da ke jibge a mangaza ajiya ce ya kawo, ba na mai gida ba ne. A cikin su ukun babu wanda ya zo da ko guntuwar takarda. Babban ɗan marigayin ya shiga gida ya ɗauko littafin da mahaifinsa ke rubuta bashi, aka buɗe a gaban liman, aka tarar rubutu na ƙarshe ya shekara uku. Sauran lissafin duk yana cikin kan Alhaji, Alhaji kuwa yana kushewa.

A unguwarmu wannan abu ya faru, kuma ba zan ambaci suna ba domin iyalin suna nan da ransu. Marigayin bafatake ne mai kai wake da aya kasuwar Dawanau ta Kano, yana da mata a nan Maraɗi da wata a Katsina. Yau shekara huɗu ke nan ba a raba gadonsa ba. Kamiyon yana kan duwatsu ƙafafunsa sun ruɓe, waken da ake jayayya a kansa ƙwari sun mai da shi gari, ƴaƴan ɗakin nan da na ɗakin can kuwa ko gaisuwar salla ba sa yi.

Duk lokacin da muka buɗe layin waya a gidan rediyonmu kan maganar gado, da wuya ka ji wanda zai tambayi kason mata ko na ɗiya mace, domin wannan kowane malamin zaure ya san shi. Tambayoyin da suka fi yawa su ne: yaya za mu fitar da kuɗin da ke banki a Kano? Wa zai riƙe makullin shago kafin a raba? Mutum ya zo ya ce yana bin bashi ba shi da shaida, mu biya ko kada mu biya? Ke nan ba rabon ne ke da wuya ba. Abin da ke kashe gadon ɗan kasuwa shi ne rashin sanin iyakar abin da za a raba, da rashin takardun da za a kai ga dukiyar.

Dalilin Da Ya Sa Namu Ya Fi Wuya

Ma'aikacin gwamnati idan ya rasu, dukiyarsa a fili take: gida, albashi, fansho. Shi kuwa ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Magarya da Dungas da Maigatari, ko Gaya da Kamba, dukiyarsa a warwatse take kamar an watsa gero. Wani kason yana hannun yaran gida da ya ba jari, wani yana wurin dillali, wani yana wurin ɗan canji, wani kaya ne da ke kan hanya daga tashar jirgin ruwa ta Lome, wani kuma shanu ne da ya ba makiyayi kiwo. Tun a 1986 wani masani Bafaranshe mai suna Emmanuel Grégoire ya wallafa littafi kan alhazan Maraɗi, inda ya nuna cewa kasuwancin garin nan a kan dangantakar uban gida da baransa ya ginu. Amana ce ke tafiyar da komai, kuma ta yi mana rana. Sai dai amana ta mutum biyu ce, idan ɗaya ya faɗi, sai abin da ɗayan ya ga dama ya faɗa.

Bayan haka ga kuɗi iri biyu, sefa da naira. Ga harshen ofis iri biyu, Faransanci da Ingilishi. Ga tsarin kotu iri biyu. Ga kuma ita kanta iyakar, wadda ba ta sallama idan za ta rufe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Magadan da mahaifinsu ya rasu a irin waɗannan lokuta sun ga tasku, domin kaya na can, su suna nan.

Amma mai karatu ya riƙe abu guda: iyaka ba ta hana gado. A shari'ar Musulunci abubuwan da ke hana gado sanannu ne, kamar kisan wanda za a gada da bambancin addini. Zama a wata ƙasa ko riƙe katin ɗan ƙasa na daban ba ya cikinsu. Matar da ke Katsina da ƴaƴanta haƙƙinsu ɗaya ne da na waɗanda ke Maraɗi, ko da ba su taɓa tsallako Ɗan Isa ba.

Matakai Biyar Kafin Kowa Ya Ɗauki Ko Dala

A Nijar da arewacin Najeriya duka mazhabar Malikiyya ake bi, kuma littattafan da alƙalai da malamai ke dogara da su ɗaya ne, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Khalil. A tsarin da suka shimfiɗa, haƙƙoƙi biyar ne ke kan dukiyar mamaci, kuma a jere suke, ba a tsallake ɗaya a je ga na gaba.

Na farko shi ne haƙƙin da ke rataye da wani kaya takamaimai, kamar gida ko gonar da mamacin ya jinginar. Wanda aka jinginar wa shi ya fi kowa haƙƙi a kanta har a biya shi. Na biyu kuɗin sutura, wato likkafani da haƙa kabari da abin da ya shafe su, gwargwadon al'ada ba tare da almubazzaranci ba. A nan ya kamata a lura cewa shanu da buhunan shinkafar da ake kashewa a sadakar uku da bakwai da arba'in ba sa cikin kuɗin sutura. Baligin da ya so ya yi daga aljihunsa ko daga kasonsa, amma ba a taɓa rabon maraya domin ciyar da masu gaisuwa. Na uku basussuka. Na huɗu wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan bashi, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Na biyar, kuma na ƙarshe, shi ne rabo tsakanin magada kamar yadda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka zayyana.

Kafin ma a hau matakin farko, sai an ware abin da ba na mamacin ba ne. Ajiyar mutane, jarin abokin tarayya, kayan ɗakin mata, tumakinsu da kuɗin adashinsu, duk ba sa shiga gado. Idan kuma akwai ragowar sadakin da bai biya ba, bashi ne, za a ba matar kafin rabo, sannan ta zo ta karɓi kasonta na gado daban.

Misali Da Lissafi

Bari mu ɗauki misali domin abin ya fito fili. A ce ɗan kasuwa ya rasu, aka haɗa ƙimar gida da shago da kaya da kuɗin banki na ƙasashen biyu, aka samu miliyan 33 na sefa. Sutura da basussuka suka ci miliyan 6, saura 27. Ya yi wasiyyar miliyan 3 ga makarantar allo ta unguwarsu. Tun da sulusin 27 shi ne 9, wasiyyar ba ta wuce iyaka ba, za a fitar da ita, saura miliyan 24. Ya bar mata biyu, da mahaifiya, da ƴaƴa maza 6 da mata 5, mahaifinsa kuwa ya riga shi rasuwa.

Matan biyu za su haɗu a kan tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3 ke nan, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, miliyan 4. Saura miliyan 17 na ƴaƴa, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Ƴan'uwan mamacin, ko shaƙiƙai ne, ba su da komai a nan, domin ɗa namiji ya katange su. Haka ma jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Wanda ke son irin wannan jika ya samu wani abu, to ya yi masa wasiyya cikin sulusi tun yana da rai.

Lissafin nan ba ya cin minti goma a hannun malamin da ya san fara'ili. Amma kafin a kai ga cewa dukiyar miliyan 33 ce ba 20 ko 50 ba, nan ne gizo ke saƙar.

Abin Da Mutuwa Ke Warwarewa A Kasuwa

Akwai wasu hukunce-hukunce da ƴan kasuwa da yawa ba su sani ba sai abin ya zo kansu. Na farko, wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta. Yaron gida da ke saye da sayarwa da sunan Alhaji, ko ɗan da ke riƙe da katin cirar kuɗi da lambar sirrin wayarsa, daga lokacin da labarin rasuwa ya iske su ba su da sauran izini. Dukiyar ta koma ta magada gaba ɗaya, har da jaririn da ke goye. Wanda ya ci gaba da cire kuɗi da katin mamaci, ko da niyyarsa ciyar da gida ce, ya buɗe wa kansa ƙofar zargi da ba ta rufuwa, kuma hukuma na iya kama shi.

Na biyu, bashin da ake bin mamaci, ko da ajalinsa bai yi ba, a Malikiyya mutuwa na sa ya zama na biya yanzu. Amma bashin da shi mamacin ke bin wasu yana nan kan ajalinsa, magada ba za su matsa wa wanda aka yi alkawarin zai biya da kaka ya biya da damina ba.

Na uku, wanda ya zo yana da'awar bashi a kan mamaci sai ya kawo hujja: rubutu ko shaidu adilai. Ko ya kawo shaidun, alƙalan Malikiyya sukan ƙara rantsar da shi cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, domin wanda zai musa masa ba ya da bakin magana. Idan magaji baligi ya amsa cewa ya san da bashin, amsawarsa a kan kasonsa take, ba ta hau kan maraya. Idan bashi ya fi dukiyar yawa, masu bi za su raba abin da aka samu gwargwadon abin da kowa ke bi, kuma shari'a ba ta tilasta wa magada su cika daga aljihunsu, ko da yake yin hakan alheri ne ga mahaifi. Idan kuma aka yi gaggawar rabo sannan mai bin bashi ya ɓullo da hujja, sai an dawo da abin da aka karɓa an biya shi.

Na huɗu, kyauta. Sau da yawa za ka ji ɗa ya ce ai Baba ya ba ni shagon nan tun da ransa. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan Alhaji ya ce ya ba ka, amma ya ci gaba da riƙe makulli da karɓar ciniki har ya rasu, to shagon ya koma gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Dokar kasuwanci ta zamani ma tana da nata. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993 domin haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka masu yawa. A ƙarƙashinta, idan ɗan kasuwar da ke da rajista da sunansa ya rasu, magada na da wata uku su je a soke rajistar, ko a gyara ta idan za su ci gaba da sana'ar. Wanda ya yi shiru ya ci gaba da fiton kaya a duwan da lambar mamaci, ranar da rigima ta tashi ba shi da tudun dafawa, ga kuma lanho na taruwa.

Takardu A Ɓangaren Nijar

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. Daftarin da aka shirya a 1993 bai samu karɓuwa ba. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, su suka ce a sha'anin aure da gado da kyauta da wasiyya kotu za ta yi aiki da al'adar masu shari'ar, muddin ba ta ci karo da doka ba. Ga Bahaushe Musulmi wannan na nufin fiƙihun Malikiyya. Shi ya sa za ka ga alƙalin jastis yana zama da mataimaka masana al'ada, waɗanda galibi malamai ne, suna ba shi shawara.

Matakin farko shi ne takardar mutuwa daga ofishin magajin gari. A yi ta da wuri, domin idan wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu an kawo shaidu kafin a samu. Na biyu shi ne taron dangi, inda za a lissafa magada duka, a zaɓi wanda zai wakilce su, a kuma naɗa mai kula da ƙananan yara. Kotu ce ke tabbatar da takardar wannan taro, ita ce kuma ke ba da takardar shaidar magada, wadda a Faransanci ake kira certificat d'hérédité. Da waɗannan ne banki zai saurare ku, da su ne za a canja sunan takardar mota, da su ne noter zai bi maganar gidan da ke da cikakkiyar takardar mallaka. Gonaki kuwa, hukumomin filaye da ake kira COFO, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993, su ke ba da takardun shaida tun daga matakin ƙauye.

Mutane da yawa sun fi son a raba musu a gaban malamin unguwa, ko a fadar sarki, ko a ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974. Babu laifi a haka, sulhu alheri ne, kuma doka ta ba sarakuna ikon sasantawa. Amma a tabbata an rubuta abin da aka yi, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala, a kai kotu ta tabbatar. Rabon baki, bayan shekara goma idan shaidu sun mutu, kamar ba a yi ba ne.

Idan Aka Tsallaka Najeriya

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki takardar kotun Maraɗi ko Ƙonni a nufi banki a Kano ko Sakkwato ana zaton za a miƙo kuɗi. Hukuncin kotun wata ƙasa ba ya aiki kai tsaye a wata, sai hukumar can ta duba ta amince. Takardun Faransanci sai an fassara su da Ingilishi a wurin mai fassarar da aka yarda da shi, an kuma buga musu hatimi. Ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano wuri ne da ya kamata a fara tuntuɓa.

A jihohin da muke maƙwabtaka da su, wato Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno, har da Kano, kotunan shari'ar Musulunci ne ke raba gadon Musulmi, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a hurumi a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Takardar mutuwa kuwa hukumar ƙidayar jama'a ce ke bayarwa. Da zarar banki ya samu labarin rasuwa zai rufe asusun, kuma ba zai buɗe ba sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotun jiha, ko umarnin kotun shari'a, gwargwadon tsarin bankin. Samun takardar izinin na buƙatar a bayyana dukiyar, a biya kuɗin da ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a kuma jira wa'adin sanarwa ko akwai mai ƙorafi.

Wani hanzari ba gudu ba: a takardar buɗe asusu ta Najeriya akwai gurbin da ake rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa. Da yawa na zaton wanda aka rubuta a nan shi ne mai kuɗin bayan mutuwa. Ba haka ba ne. Shi mutum ne da za a tuntuɓa kawai, bai fi sauran magada da ko kwabo ba. Gida ko fili kuwa dokar ƙasar da yake cikinta ce ke hukunci a kansa. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, don haka canja sunan takardar mallaka sai an bi ta ma'aikatar filaye ta jihar.

Gaggawa Asara, Jinkiri Ma Asara

Akwai jinkirin da shari'a ta yarda da shi. Idan ɗaya daga cikin matan na da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, tana da haƙƙin zama a gidan mijinta idan mallakarsa ne, ba a fitar da ita don ana son sayarwa. Haka ma jiran a tattara basussuka.

Amma jinkirin da ba shi da dalili wuta ce ke cin dukiya. A farkon watan Yuni na 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Magadan da suka bar naira kwance a banki suna jayayya, sun wayi gari abin da zai sayi gida ba ya sayen fili. Dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Kuɗin da aka binne a ɗaki ma ba su tsira ba: a 2004 bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun kuɗi samfurin 1992, kuma kowa ya ga wahalar canjin naira a farkon 2023. Saboda haka idan za a haɗa ƙimar dukiyar ƙasashen biyu, magada su amince da farashin canji na rana ɗaya, a rubuta shi a takardar rabo.

Asusun da aka manta da shi ma yana da wa'adi. A ƙasashen da ke amfani da sefa ta yammacin Afirka, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana miƙa kuɗinsa ga BCEAO, idan kuma aka cika shekara 30 babu wanda ya nema, haƙƙin nema ya faɗi. Babban bankin Najeriya ma ya fitar da ƙa'ida a watan Yuli na 2024 cewa asusun da ya shekara 10 a kwance za a mayar da kuɗinsa wani asusu na musamman a hannunsa har masu shi su zo da hujja. To yaya magada za su nemi asusun da ba su san da shi ba?

Marayu, Mata Da Riƙon Amana

Waɗanda suka fi cutuwa a irin wannan rikici su ne waɗanda ba sa zama a zaure lokacin da ake magana. Za ka ga babban wa ko ƙanen mamaci ya riƙe shago da sunan kada gida ya watse, shekara ta bi shekara, ƴan mata su yi aure ba su ga komai ba, yara su girma a ce musu jari ya karye. A wasu ƙauyukanmu har yau ana hana mata gona ana cewa gandu ba ya rabuwa. Wannan ba shari'a ba ce, cin haƙƙi ne.

Idan magada na son kasuwancin ya ɗore, akwai hanya mai tsabta. A yi ƙima, a san kason kowa, a rubuta, sannan wanda ya yarda ya bar nasa a matsayin jari a riƙa ba shi riba da lissafi a ƙarshen shekara, wanda bai yarda ba a biya shi ya tafi. Rabon maraya kuwa yana hannun wasiyyi, wato amintaccen da mahaifi ya naɗa tun da ransa, in babu shi alƙali ya naɗa. Wasiyyi na iya juya dukiyar don amfanin yaron, amma dole ya riƙe lissafi, ya kuma miƙa ta a gaban shaidu idan yaron ya balaga ya yi hankali.

Ga wanda ke son wani abu nasa ya ci gaba da amfanar jama'a ko zuriyarsa ba tare da an sayar ba, akwai waƙafi, wanda wasu ke kira hubusi: a tsare asalin gida ko shago ko rijiya, a riƙa cin amfaninsa. Nijar ta yi dokar waƙafi a 2019, daga baya ta kafa babbar hukumar da ke kula da shi, kuma jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi. Shi ma kamar kyauta ne, sai mai shi ya sake shi daga hannunsa tun yana da lafiya. In a wasiyya ya faɗe shi, to ba zai wuce sulusi ba.

Abin Da Mai Rai Zai Yi Tun Yau

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ke nan wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba, umarni ya bi. Ɗan kasuwa ya samu littafi ɗaya, da boko ko da ajami, ya rubuta wanda yake bi da wanda ke bin sa, da ajiyar da ke hannunsa, da jarin da ya ba yara, da duk abin da ya haɗa da wani. Ya rubuta sunayen bankuna da kamfanonin aika kuɗi da yake hulɗa da su a ƙasashen biyu, da inda takardun gida da mota suke. Ya sabunta shi duk shekara lokacin da yake lissafin zakka, tun da dama a ranar yake ƙirga dukiyarsa. Ya yi wa kowane aure takarda, kowane ɗa takardar haihuwa, kada ya ɓoye wani iyali a wani gari. Ya naɗa wasiyyi a gaban shaidu biyu, ya bar kwafi ɗaya a wurin liman ko noter.

Idan kuma mutuwa ta riga ta zo, magada su rufe mangaza da shago a gaban shaidu daga kowane ɗaki, a ƙirga kaya a rubuta, abin da zai lalace a sayar da shi da yardar kowa a ajiye kuɗin, a yi shela a masallaci da kasuwa da rediyo a ɓangarorin iyaka biyu cewa mai bi ko wanda ake bi ya fito, sannan a nemi takardu, a biya, a raba.

Dattijon nan mai buhu 60 na wake ya rasu bara bai karɓi ko tiya ɗaya ba, kuma har yau babu wanda ya san ko gaskiya ya faɗa. Layi ɗaya a littafin Alhaji da ya raba gardama. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, rashin rubutawa ma ba ya kore shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani, ya kuma hana mu barin wa ƴaƴanmu gaba a maimakon gado.